Injin gudu ko bin babur: Wata nawa kwikwiyo zai kai kafin a fara ba shi horon gudu?

Da zarar an gama kaka, an kwashe dawa da gero daga gonakin Getso da Kutama da Lakwaya a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, ko na Garo da Durun da Gude a ta Kabo, sai hankalin mafarauta ya koma daji. Ciyawa ta bushe, fili ya buɗe, zomo da gafiya sun rasa maɓoya. A cikin karnukan da ake fita da su ba a rasa kwikwiyon da aka haifa da damina, ɗan wata 5 ko 6, wanda ƙafafunsa suka yi tsawo, ƙirjinsa ya fara buɗewa, mai shi kuma yana ɗokin ganin abin da zai iya. Wani ma ba ya jiran ranar farauta: sai ya ɗaura masa igiya, ya hau keke ko babur, ya ja shi a kan hanya don ya saba da gudu.

A birnin Kano, kimanin kilomita 70 gabas da Gwarzo, akwai wani mai kwikwiyon da bai taɓa zuwa farauta ba. Ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati da ya kashe kuɗi masu kauri ya sayi karen gadi na ƙasashen waje, irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel. Gidansa katanga ce da daɓen siminti, shi kuma yana fita da sassafe ya dawo bayan magariba. Kwikwiyon ya ishi kowa da ɓarna, yana tauna takalma yana yaga labule. A wani lungu na gidan ga injin gudu, na'urar nan ta motsa jiki mai shimfiɗar roba da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafa, wadda maigidan ya saya don rage teɓa. Ya kuma ga bidiyon karnuka suna sheƙa gudu a kan irinta a Facebook da TikTok.

Mutanen nan biyu tambayarsu ɗaya ce, amsarta kuma a wurin likitocin dabbobi ba ta da nisa da juna: ba a sa kare gudun dole mai tsawo sai ƙasusuwansa sun gama girma. Ga karen gida irin wanda ake farauta da shi, wannan yana kamawa wajen wata 12. Ga manyan karnukan waje, wata 15 zuwa 18, mafiya girman cikinsu ma har kusan shekara 2. Dalilin wannan jira yana cikin ƙashin kansa.

Inda ƙashi ke tsira

Duk wanda ya taɓa cin naman ɗan rago ko ɗan akuya ya san cewa idan ƙashin ƙafarsa ya dahu, kansa yakan ɓalle kamar murfi, a ga wani farin guringuntsi a tsakani. Ƙashin tsohon rago ba ya yin haka, domin kan da jikin sun riga sun haɗe sun zama abu guda. Wannan siririn guringuntsi shi ne matsirar ƙashi. Daga nan ne dogayen ƙasusuwan dabba mai tasowa suke ƙara tsawo, kuma haka abin yake ga ɗan Adam da maraƙi da kwikwiyo. Idan girma ya kammala, sai guringuntsin ya daskare ya koma ƙashi, matsirar ta rufe har abada.

Kafin ta rufe, ita ce wuri mafi rauni a ƙafar. Jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar kwikwiyo sun fi ta ƙwari, saboda haka faɗuwa ko murɗewar da za ta zama targaɗe kawai ga babban kare, ga ƙarami tana iya zama karaya a daidai matsirar. Karayar ma da sauƙi, tunda ana ganinta a nemi magani. Abin da ya fi wahala shi ne matsirar ta danne ta rufe kafin lokacinta ba tare da kowa ya lura ba.

Ƙafar gaba ta kare ta fi nuna wannan. Tsakanin gwiwa da dagi akwai ƙasusuwa biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya daga cikinsu, siririn, kusan kashi 85 cikin 100 na tsawonsa yana fitowa ne daga matsira guda da ke can ƙasa kusa da dagi, wadda siffarta ta mazurari ta sa take saurin dannuwa. In ta rufe da wuri, wannan ƙashin ya tsaya, ɗan uwansa kuma yana ci gaba da tsawo. Da yake a haɗe suke, sai mai tsawon ya lanƙwashe kamar baka, dagin ya juya waje. Makonni bayan an manta da ranar da kwikwiyon ya faɗi, sai a ga ƙafarsa ta karkace, a ce gado ne ko maita. Gyaran irin wannan sai da tiyata, kuma ba kowane gari ke da mai yin ta ba.

Matsirorin ba sa rufewa rana ɗaya. Wasu tun kwikwiyo yana wata 5 ko 6 sun gama, wasu kuma, musamman na saman ƙashin kafaɗa da na kusa da gwiwar baya, su ne na ƙarshe. Gwargwadon girman jinsin kare, gwargwadon jinkirinsu. Karen gida, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 20 da wani abu ba, yana gamawa da wuri. Boerboel, ɗan asalin Afirka ta Kudu, namijinsa yana iya haura kilo 60, kuma yana ɗan wata 8 ya riga ya fi babban karen ƙauye girma alhali ƙashinsa ɗanye ne. Ido yana ganin ƙato, sai a ɗora masa aikin ƙato.

Manoman Gwarzo da Kabo ba baƙi ba ne ga wannan lissafi. Ba wanda ke ɗaura wa maraƙi garma don kawai ya ga ya yi jiki. Ana jira ya ƙosa, sannan a fara da jan itace mara nauyi kafin a kai shi huɗa. Abin mamaki ne yadda mutumin da ke da wannan haƙuri da sa yake rasa shi idan aka zo kan kare.

Abin da bincike ya nuna

Kada a ɗauka cewa motsi ne abokin gabar kwikwiyo. An taɓa gwada abin a kan injin gudu kansa. A tsohuwar Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finland, daga shekarun 1980 zuwa na 1990, masu bincike sun riƙa sa matasan karnuka jinsin Beagle gudu a kan injin da aka ɗaga gabansa kamar hawan tudu. Waɗanda suka yi kilomita 4 a rana na tsawon mako 15, an tarar guringuntsin gwiwarsu ya ƙara kauri da inganci. Da aka kai nisan kilomita 20, daga baya har 40 a rana, sai amfanin ya juye: sinadarin da ke ba guringuntsi ƙwari ya ragu a wuraren da suka fi ɗaukar nauyi. Sai dai a lura, Beagle ƙaramin kare ne mai saurin balaga, kuma an kai su wannan nisa ne a hankali cikin makonni masu yawa, a ƙarƙashin kulawa, a ƙasa mai sanyi. Wanda ya ɗauki wannan sakamako ya ɗora wa Rottweiler ɗan wata 6 a Kano cikin watan Afrilu ya yi wa binciken mummunar fahimta.

Wani binciken da aka wallafa a 2012 daga ƙasar Norway ya bi ɗaruruwan kwiyakwiyai na manyan jinsuna huɗu, ciki har da Labrador da Newfoundland, don gano abin da ke ƙara haɗarin lalacewar gaɓar kwatangwalo, cutar da kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin gurbinsa. Waɗanda suka riƙa hawan bene kafin su cika wata 3 sun fi kamuwa. Waɗanda aka bari suna yawo sake a fili mai ƙasa da ɗan tudu da gangare, haɗarinsu ya ragu. Cutar dai tushenta gado ne, kuma ta yi yawa a German Shepherd da Rottweiler, amma yadda aka reni kwikwiyo yana iya tsananta ta ko sassauta ta.

Idan aka haɗa binciken biyu, kwikwiyon ƙauyen Kabo da ke yini yana kokawa da 'yan uwansa a bayan gida, yana bin kaji ana korarsa, yana tona rami a gindin darbejiya, ya fi na birni sa'a, wanda ke zamewa a kan tayil yana hawa da sauka a matakala. Na ƙauyen yana iya yin tafiya mai yawa a yini, amma gutsi-gutsi yake yin ta: ya ruga, ya tsaya, ya shinshina, ya kwanta. Da ya gaji sai ya zube a inuwa ya yi barci, ba wanda ya hana shi.

A nan ne igiyar babur da shimfiɗar injin suka zama abu ɗaya. Dukansu biyu suna ƙwace wa kwikwiyo ikon tsayawa. Sauri ɗaya, taku iri ɗaya, gaɓoɓi ɗaya ke shan duka sau dubbai a jere, kuma wanda ke yanke lokacin hutu ba shi ne ke jin zafin ba. Kare kuwa dabba ce mai son faranta ran mai ita da tsoron a bar ta a baya. Zai ci gaba da bi ko da ƙafarsa na ciwo. Rashin kukansa ba shaida ba ce ta cewa lafiya yake.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya, in dai ɗabi'a ake nufi. Watannin farko su ne lokacin koya wa kwikwiyo sunansa, da amsa kira ko fito, da tafiya da igiya ba tare da fizga ba, da sabawa da mutane da awaki da ƙarar babur. Karen farauta yana iya fara bin sawu da hanci a bayan gari tun yana ƙarami, yana kallon manya. Malaman fiƙihu da suka halatta riƙe kare don farauta da gadin gona ko dabbobi, abin da suka kula da shi a karen farauta shi ne ya zama horarre, wanda ke tafiya in an aike shi, ya tsaya in an tsawata masa. Duk wannan horo ne, kuma babu wanda ke buƙatar gudun kilomita ko ɗaya.

A Ingila akwai wata ƙa'ida da masu karnuka ke yawan ambata: minti 5 na tafiya da igiya ga kowane wata na shekarun kwikwiyo, sau ɗaya ko biyu a rana. Ɗan wata 4 ke nan minti 20. Ba daga gwajin kimiyya ta fito ba, kuma likitoci da dama na ganin ta cika tsauri ga wasu jinsuna, amma ga mutumin da ba shi da wani ma'auni, ta fi babu. Tafiya take nufi, wasan da kwikwiyo ke yi da kansa ba ya cikin lissafin.

Lissafin mafarauci da na mai saye

Ga mafarauci abin yana da sauƙin ƙirgawa da yanayin shekara. Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. Kwikwiyon da aka haifa a Yuli ko Agusta, tsakiyar damina, zai shiga farautar Disamba yana ɗan wata 4 ko 5, ya fita daga ita a Afrilu bai cika wata 10 ba. Wannan ranin ba nasa ba ne. Yana iya rakiya zuwa gonakin kusa da gari da safe a dawo da shi, amma fita ta yini guda ana keta daji da manyan karnuka sai rani mai zuwa. Wanda aka haifa da sanyin Disamba ko Janairu kuwa, farautar baɗi za ta same shi yana cika shekara, sai a fara sa shi a hankali. Rani ɗaya aka rasa, a madadin kare mai ɗingishi da za a ciyar shekara da shekaru ba ya kamo komai.

Mai saye a birni matsalarsa ta fara ne daga rashin sanin ainihin ranar haihuwa, domin ba kowane mai sayarwa ke faɗin gaskiya ba. Baki yana taimakawa. Haƙoran nono guda 28 ne, ƙanana masu tsini kamar allura. Suna fara zuba wajen wata 4, kuma kafin wata 7 na dindindin guda 42 sun gama fitowa. Kwikwiyon da har yanzu ke famfara bai wuce wata 6 ba, komai girman jikinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cikar haƙora cikar girma ce, ko a ce tunda karya ta fara neman namiji ta gama ƙosawa. Haƙori da balaga duka suna riga ƙashi. Hanya ɗaya tak da ke tabbatar da rufewar matsira ita ce hoton ƙashi, irin wanda ake ɗauka a manyan asibitocin dabbobi kamar na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wanda ya iya sayen kare mai tsada bai kamata kuɗin hoto ya gagare shi ba.

Abinci ma yana da hannu dumu-dumu, kuma ƙauye da birni kowa da irin kuskurensa. Kwikwiyon da ke rayuwa a kan ragowar tuwo da koko da dusa ba ya samun isasshen sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi. Haka ma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ake ba tsokar nama zalla. Ƙashin irin waɗannan yakan yi laushi har ya karye da ƙaramin tsalle. Tsutsar ciki kuma tana cinye ɗan abin da ya samu. A birni kuwa ɗura ake yi, ana ƙara ƙwayoyin kalsiyam ba da umarnin likita ba, don kare ya yi saurin zama abin tsoro. Yawan kalsiyam yana dagula girman ƙashin manyan jinsuna, ƙiba kuma tana danne gaɓoɓin da ba su ƙosa ba. A wani dogon bincike da aka yi a Amurka kan Labrador guda 48, rabin da aka rage wa abinci da kashi 25 cikin 100 sun fi samun lafiyar kwatangwalo, kuma sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara 2. Kwikwiyon da ake iya jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba tare da an gan su tsirara ba, shi ne a daidai.

Idan lokaci ya yi

Injin gudu ba sabon abu ba ne ga kare. A ƙarni na 19 manoman Amurka suna da na katako da kare ke takawa yana juya abin kaɗa nono don fitar da mai. A yau ma likitoci na amfani da shi, har da wanda ake cika wa ruwa, wajen farfaɗo da karen da aka yi wa tiyata. Ga babban kare mai lafiya da ke zaune a gida mara fili, yana da amfaninsa.

Ana iya sabar wa kwikwiyo da injin tun kafin ya isa gudu: ya hau yana kashe, ya shinshina, a ba shi ɗan abin tauna, ya saba da ƙararsa daga gefe. Idan ya kai lokacinsa, sai a fara da tafiya mafi sanyi ta minti 2 ko 3, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a cikin makonni, ba tare da an ɗaga gaban injin ba. Yawancin injinan da aka ƙera don mutane shimfiɗarsu ta yi wa babban kare gajarta, sai ya riƙa taƙaita takunsa, kuma akwai tsaga a gefe da farce ko gashi ke iya maƙalewa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a ɗaure igiyar wuyansa a jikin injin a tafi wani aiki. In ya zame, shaƙewa zai yi. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, shimfiɗar tana iya tsayawa cak yana tsakiyar gudu, don haka dole mutum ya tsaya a gefe, igiya a hannu, ɗaya hannun kusa da makunni.

Sai zafi, wanda yake kashewa cikin sa'a guda, ba kamar ciwon gaɓa da ke ɗaukar shekaru ba. Kare ba ya yin gumi irin na mutum, sai ɗan kaɗan a tafin daginsa; da haki yake fitar da zafin jiki. A bazarar Kano, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, gudu a ɗaki mara iska ko a kan kwalta da rana tsaka yana iya kayar da babban kare ma, balle jinsin Caucasian mai gashi kamar bargo, wanda asalinsa na duwatsu masu ƙanƙara ne. Kwaltar da mutum ba zai iya ɗora bayan hannunsa a kanta na 'yan daƙiƙoƙi ba, tana ƙona dagi. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko gab da magariba, da ruwan sha a kusa, kuma ba a kan cikakken ciki ba.

Alamun da ke cewa a dakata a bayyane suke ga mai lura: kwikwiyo ya riƙa zama a tsakiyar tafiya, ko ya koma baya, ko ya tashi da ƙyar washegari, ko ya riƙa haɗa ƙafafun baya yana tsalle da su tare kamar zomo. Ɗingishin da ya kwana biyu bai tafi ba, ko kumburi kusa da gaɓa, na likitan dabbobi ne. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake samu a kowane kemis, suna iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda.

Akwai kuma wani jiran da ya riga na ƙashi. Kafin kwikwiyo ya fara cuɗanya da karnukan waje, ko a titin unguwa ko a ayarin farauta, yana buƙatar alluran rigakafin cututtukan ƙuruciya, musamman mai sa amai da gudawar jini, waɗanda ake farawa daga mako 6 zuwa 8 a kammala wajen mako 16. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta ne yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Karen farauta yana haɗuwa da namun daji da baƙin karnuka, sannan da yamma ya dawo gidan da yara ke wasa a tsakar gida.